Takardar da ta rufe mana ido wata goma kafin mu gano ciwon Baffa

A akwatin da nake ajiye takardun makaranta akwai wata 'yar takarda da ta fara yin ja saboda daɗewa. A shekarar 2017 aka ba ni ita, saura mako uku ɗaurin aurena, a wani ƙaramin ɗakin gwaji da ke bakin titi a nan Kano. Kawun amarya ne ya dage sai an yi gwajin jini na jinotaif, wanda ke nuna ko mutum na ɗauke da sikila, ni kuwa a lokacin hankalina na kan lefe da bai kammala ba. Aka ɗebi jinina, na je na ci abinci na dawo, aka miƙo mini sakamako: AA, wato ba na ɗauke da sikila. Nata kuma ya nuna AS, wato tana ɗauke da ita amma ba ta da ciwon; mai AA da mai AS kuwa ba sa haifar mai SS, wato mai ciwon. Kawu ya duba ya ce ba komai, aka sa albarka. Shekara biyar ina ɗauke da haruffan nan biyu a kaina kamar laya, kuma su ne suka sa muka yi ta yawo da yaro a hannu, daga wannan asibiti zuwa wancan, ana tambayar mu abin da ya kamata, muna ba da amsar da ba ita ba.

'Yarmu ta fari, Ummi, ba ta ba mu wahala ba. Baffa kuwa, wanda ya ci sunan mahaifina, an haife shi a Disambar 2021, kuma har ya kai wata bakwai ba mu san hanyar asibiti ba sai ta rigakafi. Cikin damina, a watan Agusta, ya fara wani kuka da daddare wanda ba na yunwa ba. Da gari ya waye Maman Ummi ta nuna mini bayan hannuwansa da ƙafafunsa sun kumbura suntum, 'yan yatsun kamar an hura su, in ka taɓa sai ya ƙwalla ƙara. Hajiya, mahaifiyata, ta ce haƙori ne, duk 'ya'yanta haka suka yi. Na je kemis ɗin unguwa aka ba ni maganin zafin jiki na ruwa. Bayan kwana biyar kumburin ya saɓe, muka ce alhamdulillahi, Hajiya ta yi gaskiya.

Bayan mako uku ya dawo, wannan karon da zazzaɓi. Muka tafi asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu. Mun isa ƙarfe takwas, muka yanki kati, muka zauna a benci har wajen sha ɗaya. Aka soki yatsansa aka yi gwajin maleriya na nan take, ya nuna akwai, aka ba mu magani na kwana uku. Ma'aikaciyar da ta duba shi ta riƙe hannun nasa tana juyawa, sannan ta ɗago ta ce, "Malam, kun san jinotaif ɗinku?" Na amsa da ƙarfin gwiwa cewa ni AA ne, uwarsa AS. Ta ce to shi ke nan, ta saki hannun. Ban zarge ta ba, kuma har yau ba na zarginta. Ta yi tambayar da ta dace, ni ne na rufe mata ƙofa. Tsakanin Agusta da Janairu mun koma wurare uku, har da wani asibitin kuɗi inda aka ce taifod ne aka yi masa allurai na kwana biyar, kuɗin suka haura naira 30,000. A wurare biyu daga cikin ukun an sake yi mini wannan tambaya, na sake ba da wannan amsa.

A nan ne maganganu suka fara yawa a gida. Yaro ya rame, idonsa ya ɗan yi rawaya, cikinsa ya tasa ta gefen hagu. Wata ta ce ciwon shawara ne, wata ta ce iska ce ya gamu da ita da magariba, wata ƙanwar Hajiya kuma ta kawo shawarar a kai shi wurin wanzami a yi masa tsaga a kan saifa. Na ƙi yarda da tsagar, muka yi kwana biyu Hajiya ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska. Amma kada in yi wa kaina ado, ni ma na fara tunanin ko hannu aka sa mana. Na ɗauke shi na kai wa limamin masallacinmu, dattijo ne da ya karantar da ni tun ina yaro. Ya yi masa tofi, ya karanta Fatiha da Falaƙi da Nasi, sannan ya ce, "Ka ci gaba da yi masa wannan da kanka safe da yamma, ba sai ka kawo mini shi ba. Amma wannan yaron jini ne ba shi da shi, dubi tafin hannunsa. Ka kai shi babban asibiti." Na ce, "Allah gafarta Malam, mun je asibiti har mun gaji." Ya ce ai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani, bai kuma ce za a same shi a ƙofar farko ba.

Ban kai shi ba sai da abin ya zo da ƙarfi. Watan Fabrairun 2023 ne, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, ga sanyin hunturu bai gama tafiya ba. Da asuba Maman Ummi ta tashe ni tana cewa, "Abban Ummi, tashi ka ga yaron nan." Ya yi fari fat, leɓensa kamar takarda, numfashi sama-sama, ko kukan ma ba ya iya yi. Mai adaidaita sahun da ya ɗauke mu bai karɓi ko sisi ba, da ya ga ba ni da takardar kuɗi a hannu sai ya ce mu je kawai, Allah Ya ba shi lafiya. Ban san sunansa ba, amma har yau yana cikin addu'ata. A sashen gaggawa na yara na babban asibiti ba a sa mu layi ba. Nas ta kalle shi sau ɗaya ta karɓe shi, ni kuma aka tura ni buɗe fayil. Wanda bai taɓa jinya a babban asibiti ba ya sani: uwa ce ke zama da yaro a ciki, uba kuma ɗan aike ne. Za ka je wurin biya ka kawo rasit, ka kai jini ɗakin gwaji, ka koma ka karɓo sakamako, ka sayo allura da robar ƙarin ruwa, kowanne da tagarsa da layinsa. Ranar ga turawa ta waya ba ta tafiya, sau uku ana cire mini kuɗi ba su isa ba, sai da wani mai POS ya sayar mini da naira 10,000 a kan 12,000.

Sakamakon farko ya nuna PCV ɗinsa, wato ma'aunin yawan jini, 13 ne, alhali yaro mai lafiya ya kamata ya haura 30. Aka ce sai ƙarin jini yanzu-yanzu. A ma'ajiyar jini ƙa'idar ita ce ka kawo wanda zai bayar a madadin ledar da za a ba ka. Ƙanena ya zo ya bayar, muka biya kuɗin tantancewa da na leda, kafin la'asar an ɗaura masa. Ina tsaye ta taga ina kallon jinin wani bawan Allah yana ɗiga cikin jikin ɗana, kafin isha leɓensa ya fara yin ja. Na tafi masallacin asibiti na yi sallolin da suka kuɓuce mini. Masallacin asibiti daban yake da kowane masallaci. Ba wanda ke gaggawar fita bayan sallama, kowa ka gani ya daɗe a sujada ka san akwai nasa a kwance. A nan na riƙe addu'ar Annabi Ayyuba da ke cikin Suratul Anbiya, aya ta 83, inda yake cewa cuta ta shafe shi, kuma Allah ne Mafi rahamar masu rahama. Na lura bai ce a yi masa kaza ba, halin da yake ciki kawai ya faɗa. Ni kuwa tawa addu'ar da sharaɗi take tafe: ya Allah, kome ne ne, kada ya zama sikila. Don tun da na ji wata nas ta ambaci kalmar a ƙofar ɗaki gabana ke faɗuwa.

A rana ta uku wani matashin likita ya ce duk da takardata gara a gwada yaron. Aka ɗebi jini na kai, na biya naira 2,500, washegari na karɓo. AS. A bakin tagar na yi sujadar godiya, mutane suna kallona. Na kira Hajiya, na kira surukaina, na sayi ƙosai da biredi na raba wa masu jinya sadaka. Kwana ɗaya tak na yi cikin wannan farin ciki. Da safe babbar likitar yara ta zo zagaye da ɗalibanta a baya, ta ɗauki takardar ta duba kwanan wata, ta duba ranar da aka yi ƙarin jini, sai ta tambayi wanda ya ba da umarnin gwajin. Daga nan ta juyo gare ni ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, wannan sakamakon ba na ɗanka ba ne shi kaɗai. Jinin mutum biyu aka auna." Ta yi mini bayani a tsanake. Jinin da aka ƙara masa na mai lafiya ne, yana ɗauke da A. In yaron SS ne, aka gauraya da wancan, na'ura za ta ga A ta ga S, mai gwaji ya rubuta AS. Ƙwayoyin jinin da aka ƙara kuma suna iya kai kusan kwana 120 a jiki kafin su ƙare. Don haka sai an jira wata uku cur ba tare da wani ƙarin jini ba, sannan a sake. Da an ɗebi ɗan kaɗan an ajiye kafin a ɗaura ledar, da tuni an wuce wurin.

Na ce, "Likita, ai ni AA ne, ta ina zai zama SS?" Ta tambaye ni inda na yi gwajin da kuma sau nawa. Da na faɗa mata, ba ta ce komai a kan wurin ba, sai ta rubuta mana takarda ni da uwarsa mu je a gwada mu a ranar. Ta kuma ce kumburin hannu da ƙafa a jariri ɗan wata shida zuwa shekara biyu, mai zafi in an taɓa, yana daga cikin alamomin farko na amosanin jini, wato sikila. Dalilin da ya sa ba a ganin komai a watannin farko shi ne jariri na zuwa duniya da wani nau'in jini na cikin ciki wanda ke kare shi, sai ya fara raguwa wajen wata shida ciwon ke bayyana. Tana magana ina tuna daren Agusta da maganar haƙori.

Nawa ya fito bayan kwana biyu: AS. Ban gaya wa kowa ba. Na tafi wani ɗakin gwaji mai zaman kansa da ke da na'urar da ake kira HPLC, wadda ke fitar da kason kowane nau'in jini da lamba, na biya naira 12,000 ina fatan a ƙaryata na asibiti. Shi ma AS. Na zauna a kan babur ɗina a bakin wurin na fi rabin awa ban tayar ba. Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin da muka kashe ba ne, sau ukun nan ne da aka tambaye ni na amsa da bakina. Da daddare na nuna wa Maman Ummi. Na zaci za ta yi kuka ko ta ce wani abu a kan takardar 2017. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Abban Ummi, da gangan ka yi?" Na ce a'a. Ta ce, "To ka daina yi wa kanka hisabin da Allah bai yi maka ba. Mu ji da yaron."

An sallame mu bayan kwana takwas, aka ba mu ranar dawowa, aka kuma ɗora shi a kan folik asid da maganin kariya daga maleriya tun kafin a tabbatar, don likitar ta ce za ta riƙe shi a matsayin mai sikila har sai gwaji ya ce ba haka ba. Watanni ukun nan su ne mafi tsawo a rayuwata, kuma azumin shekarar ya faɗo a cikinsu. Lissafi na yi ta yi: in uwa da uba duk AS ne, kowane ciki akwai kaso ɗaya cikin huɗu ya zo SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya AA. Sai in ce ai uku sun fi ɗaya yawa. A goman ƙarshe na koma wurin Malam na faɗa masa irin addu'ar da nake yi. Ya yi murmushi ya ce, "Jinin da ke jikinsa tun ranar da aka halicce shi yake, takarda ba za ta sa masa ba, ba za ta cire masa ba. Ka roƙa masa lafiya, wannan kam ka dage. Amma ka haɗa da roƙon Allah Ya nuna muku gaskiyar abin, don mai jinya a duhu ya fi kowa wahala." Ban ji daɗin maganar a ranar ba. Sai da na kwana biyu ina juya ta kafin na iya ɗaga hannu na ce ya Allah, nuna mana ko mene ne, Ka kuma ba mu ƙarfin ɗauka.

A farkon Yuni aka sake ɗibar jininsa, aka ce in dawo bayan kwana uku. Sai da na yi kwana tara ban je ba. Kullum in ce aiki ya yi yawa, ko in ce wa kaina na bar wa Allah. Wannan ba tawakkali ba ne, tsoro ne na sa wa rawani. Maman Ummi ce ta gane, ta ce in ba zan je ba in ba ta rasit ɗin. Na je. SS. Abin mamaki, ban ji abin da na zaci zan ji ba. Na yi kuka a masallacin nan dai, amma da na fito sai na ji kamar an sauke mini wani kaya. Wata goma muna faɗa da abin da ba mu san sunansa ba, muna zargin haƙori da iska da mutane. Yanzu ga shi a rubuce, kuma akwai ɗaki guda a asibitin da aka ware domin sa.

Asibitin masu sikila na yara rana ɗaya yake ci a mako, kuma wanda ya zo bayan ƙarfe bakwai zai kai azahar. Ranar farko na ga iyaye cike da baranda, wasu daga Jigawa da Katsina, har da wata mata da ta taho daga Maraɗi. A nan na ji cewa Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo, ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da shi duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a cikinmu AS ne. Aka auna nauyinsa, aka duba jininsa, aka ƙara masa penisilin na kullum don kariya daga cututtukan da ke saurin kayar da irinsu, aka duba katin rigakafinsa. Aka koya wa uwarsa yadda za ta riƙa taɓa saifarsa da yatsu, in ta ji ta ƙaru farat ɗaya kuma ya yi fari, kada ta jira ni. Aka ce zafin jiki in ya kai 38 ba na kemis ba ne, na asibiti ne ko da tsakar dare. Ruwa da yawa, gidan sauro, rigar sanyi da hunturu, ban da wanka da ruwan sanyi. Daga baya aka fara ba shi haidiroksiyuriya, maganin da ke ƙara masa irin jinin nan na jarirai, ana bin sa da gwajin jini lokaci-lokaci. Da ya cika shekara biyu aka tura mu hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ake yi don gano yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Mun kai Ummi ita ma an gwada ta, AS ce, kuma za ta san haka tun kafin wani ya zo neman aurenta.

Duk kuɗin da na ambata na wancan lokaci ne, yanzu sai dai mutum ya tafi da ninki. Amma abin da ya ɓatar da mu ba kuɗi ba ne. In jaririnka ya kumbura hannu da ƙafa yana kuka, ko ana ta cewa maleriya ce tana dawowa yana yin fari, ka ce a gwada shi shi kansa, kada ka tsaya a kan takardarka. In aka tambaye ka jinotaif ɗinka, ka faɗi inda aka yi da kuma sau nawa aka yi. In ana shirin ƙarin jini ga yaron da ba a san nasa ba, ka roƙi likita a ɗebi na gwaji kafin a ɗaura leda, magana ce ta minti ɗaya da za ta rage maka wata uku. In kuma an riga an ƙara, kada ka yi murna ko baƙin ciki da sakamakon da ya fito a lokacin. Ka tanadi jaka guda ta takardu, ka ɗauki hoton kowace da waya, don fayil yakan ɓuya a ranar da aka fi buƙatarsa. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Kano, kuma na yi murna da ita. Sai dai ni ma ai na yi gwajin. Shi ya sa duk saurayin da ya nemi shawarata nake ce masa ya yi a wurare biyu mabambanta, ɗaya ya zama babban asibiti, kuma ya yi tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ba saura mako uku ba.

Hajiya ce yanzu ke tuna mana lokacin maganinsa in ta zo kwana, ita ce kuma ke bin sa da kofin ruwa a tsakar gida. Tofin safe da yamma ban fasa ba, nakan yi masa ne bayan ya haɗiye ƙwayoyinsa, har ya saba yana miƙo mini kansa da kansa. Maganar ƙarin haihuwa mun zauna da likita mun ji bayani, mun kuma zauna mu biyu, ba mu gama yanke shawara ba. Takardar 2017 kuwa na ɗauko ta sau biyu da niyyar yagawa na mayar. Ranar da ƙanena, wanda ya ba da jini, ya zo mini da zancen yarinyar da yake so, ita na ɗauko na ajiye masa kusa da ta 2023, na ce ya karanta sunan da ke saman kowacce.